Ramin Dattijo

"Umma, idan Dattijo ya mutu, a cikin raminsa za a binne shi?"

Rauda ce ta yi tambayar, tana tsugune a gefen murhu tana jiran in kwashe mata gyaɗa mai zafi. Shekarunta biyar a lokacin, farkon noman rani na 2006. Dattijo kakanta ne, mahaifin maigidana, kuma shugaban ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu, Tudun Rimi, a tsakanin Kura da Bunkure. Da a gabansa ta faɗa, dariya zai yi ya ce amaryarsa ta ƙosa ta ci gado, don haka suke wasansu na jika da kaka. To a gaban Iya ta faɗa, mahaifiyarsa, wadda ke zaune a tabarma tana tsintar shinkafa.

Na harari yarinyar. Iya ta daina tsintar. Ta ajiye faifan, ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai la'asar.

Da na ja kunnen Rauda, sai ta ce ita ba zagi ta yi ba. Yashin da nake suyar gyaɗa da shi ai daga Ramin Dattijo ta ɗebo min, kuma 'yan ajinsu sun ce duk ramin da aka sa wa sunan mutum, to nasa ne. Me mutum zai yi da rami in ba kwanciya ba?

Bari in yi bayanin ramin saboda wanda bai san garinmu ba. Lokacin da ake haƙa hanyoyin ruwa daga madatsar Tiga, tun ba a haife ni ba, wasu injiniyoyi Turawa sun yi sansani a bayan gari. Suka share fili a gindin kanal, wato babbar hanyar ruwan, suna buga ƙwallon lambu, wasan nan da ake bin 'yar farar ƙwallo da sanda har a jefa ta cikin ɗan rami. Suka kuma haƙa wasu manyan ramuka suka cika su da farin yashi, wai don ƙwallo ta faɗa mai ita ya sha wuya. Turawa sun tafi, an kwashe kwanon gidajensu, rabin filin ya koma gonar albasa. Sunaye ne kawai suka rage. Su Turawan da lamba suke kiran wuraren. Samarin da ke ɗaukar musu jakar sanduna da masu tsayawa kallo su ne suka raɗa wa kowane wuri suna, kuma har yau da su muke kwatance.

Akwai Ba-Ka-Tsiro, inda suka cakuɗa yashi da baƙin man inji don ƙwallo ta gangara sumul. Har yanzu ko tafasa ba ta fitowa a wurin, ba kuma manomin da ke ɓarnar irinsa a can. Akwai Asarar Bature, daidai kwanar kanal, inda ruwa ya cinye musu ƙwallaye ba adadi. Ruwan wurin yana jan mutum, ba a wanki a nan. Gidan Kunama ba ya buƙatar bayani. Sai Sallar Gidaɗo, inda wani makiyayi ya tayar da la'asar a tsakiyar hanyar ƙwallo, Turawa suka tsaya riƙe da sandunansu har ya sallame, ya yi lazimi, ya shafa, bai ko dube su ba. Tudu ne mai tauri, ko da damina ba ya riƙe ruwa, a nan muke shanya shinkafa shanshera in mun turara.

Ina juya gyaɗa ina bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kowanne yana gaya wa mutum wani abu: kada ka shuka a nan, kada ka zauna a nan, shanya kayanka a can. Ramin Dattijo ne kaɗai ba ya cewa komai. Shi ne kuwa mafi girma, yashinsa ya fi na kowane laushi da fari, kuma yana kwance a gindin gaɓar wani ƙaramin reshen kanal da laka da ciyawa suka toshe shekara da shekaru. Hanyar makaranta ta kan gaɓar ta bi. Kullum safe yara sai sun diro daga sama sun faɗa cikin yashin kafin su wuce aji, kuma Rauda ce kan gaba.

A wannan shekarar ne ƙungiyar Dattijo ta tara samari suka yashe reshen. Ana ta murna za a saki ruwa kafin dashen tumatir. Maigidana ma yana da fili a ƙarshen reshen, wanda bai taɓa noma shi da rani ba.

Kashegarin tambayar Rauda, Asta ta shigo da nono. Tsohuwar Bafulatana ce daga rugar da ke bayan filin, sa'ar Iya, matar marigayi Gidaɗo mai sallar nan. Ita ma akwai wurin da ke ɗauke da sunanta, Ƙwaryar Asta, inda ƙwallo ta faɗo ta fasa mata ƙwarya a ka. Baturen ya aiko mata da sabon kwanon sha, ta mayar masa ta ce nono ba ya kwana a ƙarfe. Na auni nonon, na ja ta bayan rumbu inda Iya ba za ta ji ba, na tambaye ta abin da ya haɗa surukina da wancan rami.

Ta dube ni ta yi dariya har da riƙe haɓa.

"Wa ya ce miki sunansa ke nan? Kai, Haɓe. Kunya ta sa kun rufe rijiya da tabarma."

Ta ce a zamanin Turawan nan surukina saurayi ne, yana cikin masu ɗaukar jaka. Reshen kanal sabo ne, cike da ruwa. Wata rana ƙwallo ta faɗa ramin, ya ruga ya dira don ya nuna wa ubangidansa inda take. Yashi ya kama shi zuwa gwiwa. Ya yi yunƙuri, ya kai ƙugu, ya sake yi, ya kai ƙirji. Turawa suna ta ihu da yarensu suna miƙa masa sanduna, sandunan ba su kai ba. Gidaɗo ne ya warware rawaninsa, ya ƙulla da igiyar shanu, ya ɗaura wa bijimi, aka ja yaron kamar ana tuge rogo. Ta ce ruwan reshen ne ke tsattsafowa ta ƙarƙashin gaɓa ya kwanta a gindin yashin. Sama a bushe ƙaƙas, ƙasa kunu.

Na ce mata to mene ne sunan.

"Haɗiye-Hambali," in ji ta, ko a jikinta. "Wanda ya raɗa shi kuwa, tambayi tsohuwar gidanku."

Hambali shi ne sunan yanka na surukina. Na rubuta shi nan, Allah Ya yafe min, rubutu ba baki ba ne. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa furta shi ba. Ɗan maƙwabtanmu mai wannan suna ma Mai Sunan Baba nake ce masa. A nan na gane yadda abin ya faru, tun kafin Asta ta ƙarasa. Iya ba ta faɗar sunansa, don ɗan fari ne. Da ya yi aure, matarsa ba ta faɗa, ƙawayenta ma suka taya ta kunya. Ƙannensa ba sa faɗa. Ya je Makka ya dawo, ya zama babba a gari, maza ma suka ga bai dace ana kiran sunansa gatsau a haɗe da abin dariya ba. Aka koma Ramin Wane, daga nan aka koma Ramin Dattijo. Ana cikin haka reshen ya toshe, yashi ya bushe, ba wanda ya sake samun dalilin tunawa. Ba wanda ya yi da mugun nufi. Ladabi ne ya cinye gargaɗin.

Da za ta tafi, Asta ta ɗora ƙwaryarta ta ce shanunsu har yau ba sa bi ta nan ko da rani. Iyayensu aka koya wa, su kuma suka koya wa 'ya'yansu.

Na gaya wa Baban Rauda da ya dawo daga gona. Ya ce yana yaro ya taɓa jin wani abu mai kama da haka, amma ba a yin zancen a gidan. Ya kai wa mahaifinsa maganar a kaikaice, aka sa samari suka zagaye ramin da ƙaya. Ba a yi mako ba mata suka zare manyan rassan suka kai murhu, awaki suka buɗa sauran. Na hana Rauda shiga, na ce in ta sake zan zane ta. Ta ce to. Da yamma ina yi mata tsifa, yashi yana zubowa daga kanta a kan zanina.

"Umma, ai na kakana ne," ta ce. "Ba abin da zai yi min."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Gidan Kunama ba shi da shinge, amma ba yaron da ke zama a can. Nan kuwa mun yi shinge, sunan yana kiran yara su shigo.

Na yi ta maza na je gaida surukina da kaina. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce ina tsoron ramin nan in aka saki ruwa. Ya saurare ni sarai, don mutum ne mai haƙuri, sannan ya ce, "'Yar nan, yashin da ya shekara talatin a bushe ai ya zama ƙasa. Abin da ya wuce ya wuce." Yana maganar yana gyara hularsa, bai dube ni ba. Abin da na zo roƙo shi ne a maido wa ramin sunansa. Ta yaya zan roƙi haka ba tare da na faɗi sunan ba? Na ce Allah Ya ƙara girma, na tashi.

Aka saki ruwa ranar wata Asabar. Yara suna bin bakinsa da gudu yana tura karmami a gaba, maza suna ta yi wa juna barka. Ni ma na yi murna, don tumatirinmu ne zai sha. Amma a ranar na roƙi maigidana izinin in riƙa raka Rauda makaranta. Ya ce matan gidansu ba sa yawon safe. Na ce na sani. Ya dube ni, ya dubi 'yarsa, ya ce in sa babban hijabi.

Safiyar farko na goya ƙaninta Mudassiru, na ɗauki taɓarya. Iya tana alwala a bakin rariya. Tun ranar tambayar nan ba ta yi min doguwar magana ba, amma da ta ga abin da ke hannuna sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, in ajiye wannan in ɗauki tsohuwar taɓaryar, ta fi nauyi.

Haka na riƙa yi. In riga yara isa, in tsaya a kan gaɓa inda ƙasa ke da tauri, in miƙa hannu in kafa taɓaryar a cikin yashi in sake ta. Kwanakin farko faɗuwa take yi, in janyo ta. Yashi yana nan daram. Masu wucewa gona suka fara cewa matar wane ta rasa hatsi ta koma dakan yashi. Wata ta tambaye ni ko tuwonsa da miyar kuka ake ci. Na ce in ya nuna zan aiko mata. Yaran kuwa sai su jira in juya baya su dira.

Wata safiya ina ɗaura goyo, Iya ta fito da sandarta ta ce in jira ta. Ba ta yi bayani ba, ta dai ce ruwa ya kwana isasshe. Muka tafi a hankali, Rauda tana gaba da jakarta.

Ramin yana nan yadda yake kullum, fari tas, har da sawun yaran jiya. Na kafa taɓaryar na sake ta. Ba ta faɗi ba. Ta tsaya cak, sannan ta fara sauka, a hankali kamar ana jan ta daga ƙasa. Wani ɗan danshi ya fito a kewayenta.

Sai ga yara sun ɓullo a guje suna rige-rigen wanda zai fara dira. Na damƙe hannun Rauda, na tare hanya da jikina, na ce kowa ya tsaya. Suka tsaya, amma suna leƙe ta gefena. Babbansu ya ce ai kullum suna shiga, kuma ramin Dattijo ne, shi bai hana su ba. Ina gani wasu biyu suna zamewa ta gefe don su zagaya ni. Yau zan iya tare su. Gobe fa, da ranar da Mudassiru zai kwana da zazzaɓi in kasa fitowa?

A daidai nan babura suka iso. Surukina ne da mutanen ƙungiya sun zo duba yadda ruwa ke tafiya, maigidana yana bayan wani. Suka ga taro suka tsaya.

Na tuna irin tarbiyyar da aka yi min a gidanmu, na tuna abin da za a je a gaya wa mahaifiyata a Madobi. Na kuma ji ɗan hannun Rauda yana motsi a cikin nawa, tana neman ta zame. Na juya wa mazan baya, na fuskanci yaran, na ɗaga murya yadda na bayan ma zai ji.

"Ku saurara. Wannan ba Ramin Dattijo ba ne. Sunansa Haɗiye-Hambali, don ya taɓa haɗiye mutum har ƙirji. Ku dubi taɓaryata."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Malam Iliyasu, ma'ajin ƙungiya, ya fara cewa wace irin tarbiyya ce wannan, mace ta kama sunan surukinta a bainar jama'a.

"Bar ta, Iliyasu," in ji Iya. "Ni na raɗa wa ramin suna."

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ta ce ran nan tana dawowa daga kai abinci gona, ta hango taro, ta leƙa ta ga kan ɗanta da kafaɗunsa kawai a waje. Ta yar da akushi ta kwarma ihu cewa rami ya haɗiye shi, ta kama sunansa ƙarara, duk filin ya ji. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗa ba sai ranar. Daga bakinta mutane suka ɗauka. Daga baya ta riƙa jin nauyin abin, kowa ya kira ramin sai ta ga kamar ana tuna mata rashin kunyarta, shi ya sa da aka sauya ba ta ce komai ba, har ta ji daɗi.

Sannan ta juya wajen ɗanta, mai furfura a gemu, a zaune a kan babur.

"Sau ɗaya na taɓa kiranka. Ga na biyu. Hambali, sauko ka nuna wa yaran nan inda yashi ya kai maka."

Ya sauko. Ya taka zuwa bakin gaɓa ya tsaya yana kallon taɓaryar, wadda saura kamar kamu ɗaya ta ɓace. Sai ya cire hularsa, ya juyo wajen yara, ya ɗora hannu a ƙirjinsa daidai ƙasan wuya ya ce, "Nan."

Rauda ta tambaye shi ko ya yi kuka.

"Har da majina, amarya," ya ce. "Bijimi ne ya cece ni, ko godiya ban yi masa ba."

Yara suka fashe da dariya, manya ma suka kasa riƙewa, har Malam Iliyasu. Surukina ya bari aka gama, sannan ya tambayi yaran sunan ramin. Suka tsaya kallon juna, don an hana su kiran sunan babba. Ya ce shi mai sunan ne ya ba su izini, su faɗa. Suka faɗa ƙasa-ƙasa. Ya ce bai ji ba, kunnensa akwai sauran yashi. Suka faɗa da ƙarfi har masu shanya a Sallar Gidaɗo suka ɗago kai.

A take ya ce a mayar da hanyar makaranta ta ɗaya gefen reshen, ta kan kwalbati. Da zai hau babur ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba, ni ma ban ɗago ba. Ya ce taɓarya dai ta tafi ke nan, zai sa a sassaƙa min wata ta ƙirya. Na ce na gode, Baba. A hanyar gida Iya ta dafa kafaɗata maimakon sandarta. Da yamma Baban Rauda ya shigo da tsire a takarda ya ajiye min a kan tabarma.

Kafin a fara tsinkar tumatir sunan ya kama gari. 'Yan mata suka sa shi a waƙar tafi. Direbobin da ke zuwa lodi suka riƙa kwatance da shi. Ba a sake yin shinge ba, ba a kuma sake ganin sawun yaro a yashin ba. Yashin suya yanzu daga Ƙwaryar Asta ake ɗebo min, bai kai wancan laushi ba amma gyaɗa tana soyuwa. Ni ban sake furta sunan ba, Iya ma haka har ta koma ga Allah. In zance ya kawo sai in ce ramin nan, Rauda ta ƙarasa min, tana jin daɗin ita an yarje mata.

Kai mai karatu, in wata rana ka biyo hanyar Kura ka ratso garinmu sayen tumatir, za ka ga farin yashi mai kyau a gindin gaɓa, a bushe, kamar a shimfiɗa tabarma a kai. Kada ka taka, kada ka bar ɗanka ya taka. Tambayi sunan wurin tukuna. In kuma a naku garin akwai rami ko kududdufi mai suna mai daɗin ji, wanda ba ya gaya maka komai, kada ka yarda da shi. Nemi tsohuwar da ba surukar kowa ba, ka tambaye ta yadda ake kiransa da, tun kafin a saki ruwa.